Littafi Biyar a Rana

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sun kira ni intabiyu. A tsaye a ƙofar laburare na karanta saƙon har sau uku, sannan na shiga banɗaki na kulle na yi rawa ni kaɗai kamar wadda ta zare. Kamfanin nan ne na masu ba manyan kamfanoni shawara, wanda mutanensa suka zo jami'armu watan jiya da kwat masu sheƙi. Mu ɗari uku da wani abu muka nema, goma sha takwas suka ɗauka, kuma ina ciki.

Doguwa, ƙawata da muke ɗaki ɗaya, ita ma bankin zuba jari ya kira ta. Ta ce su ne masu shiga tsakani idan za a sayar da kamfani ko a saye shi, mu kuwa 'yan surutu ne kawai. Na ce mata mu likitoci ne, kamfani ya kwanta ciwo mu je mu duba shi mu rubuta magani, su kuma dillalai ne masu ɗaure wuya. Muka yi ta dariya har ta maƙwabcin ɗaki ta buga mana bango.

Intabiyun zagaye biyu ne. Na farko Alhamis ta sama.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Bari in rubuta ƙa'idojin kada su sulle min. A intabiyun za a ba ka matsalar wani kamfani, ka warware ta a gabansu cikin rabin awa. Mu kes muke ce mata. Malamar ofishin neman aiki ta ce abu uku ne. Ka fara faɗin amsarka kafin dalilai. Ka kasa dalilan gida uku. Kada ka taɓa cewa ba ka sani ba. Idan ba a ba ka lamba ba, ka ce "mu ɗauka cewa", ka ƙiyasta abin da hankali zai kama, ka ci gaba.

Wannan na ukun shi ya fi min daɗi. Yau Doguwa ta tambaye ni tayar mota nawa ake sayarwa a garin nan a shekara. Ban san komai a kan taya ba, amma cikin minti shida na fito mata da lamba, har ni kaina na yarda da ita. Ashe haka manya suke yi.

Matsalarmu ɗaya, mun cinye duk kes ɗin da ke cikin ɗan littafin da aka raba mana. Doguwa ta ce, "Ke da mahaifinki yake da shagon buga takardu, me kike nema kuma? Ki mai da shagon kes mana."

Yarinyar nan wani lokaci kanta yana ja.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau na san zan iya aikin nan.

Na zo gida tun jiya, na zauna na tsara kes ɗin shafi biyu, da akwatuna da kibiyoyi kamar na gaske. Tambayar ita ce, yaya shagon Abba zai ƙara ciniki ba tare da ya kama wani wuri ba? Shagon ɗaki ɗaya ne dogo. Gaba akwai kwamfutoci biyu da injin kwafi, tsakiya injin bugawa, can ƙurya kuma teburin Kawu, yayan Umma, inda yake ɗinke littattafai yana sa musu bango. Shekararsa ashirin da biyu a teburin nan, tun kafin a haife ni. Teburin da injin matsewa da tulin kwalaye sun cinye kashi ɗaya cikin uku na shagon.

Na ɗauka cewa Kawu yana ɗinke littafi biyar a rana. Na ɗauka cewa injin buga manyan allunan talla, in aka sa shi a wurin, zai kawo ninki huɗu na haka. Amsa ta fito da kanta: a rufe ɗinki, a sa inji. Da na karanta wa Doguwa ta waya sai ta ce "mu ɗauka" ta yi yawa, kamar mai jin tsoro, in goge. Na goge duka.

Da safe na je shagon in buga. Kawu ya ɗago kai daga ƙurya, zare a bakinsa, ya ce, "Manaja, an iso?" Haka yake kirana tun ina firamare. Na gaishe shi na wuce wajen kwamfuta. Abba ya ga takardar tana fitowa ya tambayi ko mece ce. Na ce atisayen intabiyu ne, amma a kan shagonsa na yi. Ya ce to in zo ɗan ofishinsa da ke gefen shagon in yi masa yadda zan yi musu.

Na tsaya a gabansa, na dube shi ido cikin ido kamar yadda aka koya mana. Amsa da farko, dalilai uku. Da na gama ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Auta, kin tabbata da lambobin nan?"

Wannan tarko ne da muka sani. Malama ta ce mai intabiyu zai girgiza ka don ya ga ko za ka zube. Na ce, "Na tabbata, Abba."

Ya gyaɗa kai, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Mutumin da ko lokaci ka faɗa masa sai ya duba agogonsa, yau ya gyaɗa min kai. Har yanzu daɗin bai sake ni ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na dawo makaranta. Kes uku kafin azahar, uku bayan la'asar. Saura kwana uku.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na samo kwat, baƙa, aron wata 'yar ajinmu. Hannun ya ɗan yi min tsawo amma idan na lanƙwasa gwiwar hannu ba a ganewa. Doguwa ta ce na yi kama da mai zuwa karɓar kamfanin mutane. Na ce da ma shi za ni yi.

Umma ta kira ina tsakiyar gwada kwat ɗin. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Wace takarda kika ba Abbanki?" Na ce atisaye ne kawai. Sai ta ce, "To. Ki yi karatunki, Allah ya ba da sa'a." Ta kashe.

Umma ba ta kashe waya haka. Sai ta tambayi ko na ci abinci sau biyu tukuna. Wataƙila kuɗin wayarta ne ya ƙare.

Takalmi ya rage min.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ofishin kamfanin, hawa na tara. Gilashi ko ta ina, kafet mai shanye ƙarar takalmi, ga wata na'urar shayi da na tsaya ina kallo har wani ya zo ya danna min. Daga tagar ɗakin jira motoci ƙanana suke kamar na wasan yara. Na ce a raina, nan ne wurina.

Wani saurayi mai gilashi ne ya yi min tambaya, da wuya ya girme ni da shekara biyar. Kamfanin sabulu ne cinikinsa ya faɗi, me za a yi? Na nemi minti ɗaya, na zana akwatunana, na fara. Ya ce bai yarda da ƙiyasina na yawan gidajen da ke sayen sabulu ba. Na yi murmushi na kare lambata. Ya rubuta wani abu yana murmushi shi ma.

Da na fito na zauna a matakalar bene na cire takalmin aro, ya ci min dunduniya har jini. Ko a jikina.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na haye. Mu shida muka rage. Zagaye na ƙarshe Alhamis mai zuwa, da manyan kamfanin da kansu. Doguwa ta ɗaga ni sama har kaina ya kusa taɓa fanka.

Na kira Abba, ya yi ta sa min albarka, ya ce shi ya san kaina ba irin na kowa ba ne. Na kira Umma, ta ce madalla. Na kira Kawu bai ɗauka ba, can sai ga saƙonsa: "Barka, Manaja." Gobe za ni gida.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Teburin ba ya nan.

An share ƙuryar, an yi mata fenti fari. A ƙasa ana ganin sawun ƙafafun teburin guda huɗu, inda siminti bai dushe ba. Mai gyaran wuta yana ta jan waya mai kauri. Abba ya riƙo hannuna ya kai ni wurin, fuskarsa fal murna, ya ce injin zai iso ƙarshen wata. Ya ce, "Abin da na daɗe ina ji a jikina na kasa faɗa, ke kika zo kika rubuta shi da lamba. Ilimi ke nan."

Na ce, "Kawu fa?"

Ya ce sun yi magana ta fahimta ranar Litinin, ya nuna masa takardar, Kawu bai ce uffan ba, ya kwashe kayansa da kansa.

Na buɗe baki. Sai wani ya shigo da takardu zai yi kwafi, Abba ya tafi wajensa.

A gida Umma ta zuba min abinci ta koma ɗaki. Ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi.

Zagaye na ƙarshe an ce ba kes kaɗai ba ne, har da tambayoyi a kan halin mutum. Dole in shirya labarai uku.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ai shi ya yanke shawara, ba ni ba. Shagonsa ne.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Kuma biyar ba lamba ce ta hauka ba. Hankali zai iya kama ta.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Doguwa ta yi nata na ƙarshe jiya, mutum biyar a jere, kowa minti talatin, ba ko ruwa. Ta ce ɗaya daga cikinsu ya tambaye ta ko za ta iya aiki awa goma sha shida a rana, ta ce masa har sha bakwai. Ta dawo ta kwanta da takalmi a ƙafa. Ina sonta da wannan taurin kan.

Na ba ta labarin teburin, a taƙaice. Ta tashi zaune ta ce, "Kina nufin ya aiwatar? Ke, wannan ai shi ne labarin da za ki ba su. Mu duk ƙungiyar ɗalibai muke ta ambata, ke kin sauya kasuwanci na gaske."

Na ce mata Kawuna ne fa. Ta ce to kada in ce Kawu, in ce "wani sashe".

Ban kira gida ba. Bayan Alhamis zan kira, idan kaina ya sarara.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wata mata ce babba ta yi min intabiyun, furfura a gaban goshi, magana a hankali, ana cewa shekararta ashirin a kamfanin. Kes ɗin na jirgin sama ne kuma na yi shi kamar shan ruwa. Ina jin kaina yana gudu, kowace tambaya ta jefo sai in cafe. Ban taɓa jin daɗin kaina irin na yau ba, wannan gaskiya ce kuma sai na rubuta ta.

Sannan ta rufe littafinta ta ce in ba ta labarin lokacin da na sa wani ya sauya shawara.

Ina da labarai uku da na shirya. Na bar su duka na ba ta wancan. Ƙaramar maɗaba'a, wuri ya yi kaɗan, nazari shafi biyu, mai shago ya gamsu, cikin mako guda an rufe wani sashe. "Wani sashe" na ce. Ya fito daga bakina sumul.

Ta ce, "Daga ina kika samo lambobinki?"

Na ce na san shagon tun ina ƙarama.

Ta gyaɗa kai ta ce ba kasafai take ganin ɗalibin da shawararsa ta kai ga aiki ba. Ta raka ni har bakin lif.

A cikin lif ɗin akwai madubi ta kowane ɓangare. Na yi ta kallon lambobin hawa har muka sauka.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ban je gida ba. Na ce musu ina da gwaji.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na samu.

Matar da kanta ta kira. Mu biyu suka ɗauka cikin ɗari uku da wani abu. Zan fara bayan kammala jarrabawa, za su tura mu horo na wata guda, har kwamfuta za a ba ni tawa. Na tsaya a tsakiyar hanyar zuwa aji ina ta cewa na gode, na gode, mai keke ya kusa kwashe ni. Doguwa ma ta samu nata da safe. Mun rungume juna muna kuka muna dariya, 'yan ajinmu suka kewaye mu ana ta ɗaukar hoto.

Ina murna. Wallahi ina murna. Wannan shi ne abin da na yi shekara huɗu ina nema.

Matar ta ce labarin maɗaba'ar nan ne ya raba gardama tsakanina da wani.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗa wa Abba. A ofishinsa, inda na tsaya ranar nan. Wannan karon ban iya fara da amsa ba, sai kewaye-kewaye nake yi har ya ce in yi magana.

Na ce lambobin da ke takardar ban ƙirga su ba. Ƙiyasi ne.

Ya ce, "Ƙarya ke nan?"

Na ce ba ƙarya ba ce, haka ake yi a atisaye, mutum ya ɗauki lambar da ta yi kama da gaskiya.

Ya ce, "Na tambaye ki ko kin tabbata."

Na ce eh.

Ya cire gilashinsa ya ajiye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ma da laifinsa, shekara ashirin da biyu suna ɗaki ɗaya da mutum bai taɓa tsayawa ya ƙirga aikinsa ba, ya ga akwatuna da kibiyoyi ya ɗauka an gama magana. Ya ce injin ana iya mai da shi, teburin ma yana bayan shago an rufe shi da leda. Ya kira Kawu a gabana har sau biyu, ba a ɗauka ba.

Ya ce, "Ke za ki je. Ki faɗa masa da bakinki, ki ce ina roƙonsa ya dawo."

Na ji sanyi a raina. Abin zai gyaru. Gobe da safe za ni.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na same shi a barandar gidansa, zaune a ƙasa, ya ɗora katako a kan bulo biyu ya mai da shi teburi. Littattafan ɗalibai masu kammala karatu jibge a gefensa, ashe sun biyo shi har gida. Warin gam ya cika wurin. Ya gan ni ya washe baki.

"Manaja ta zama manaja ta gaske. Uwarki ta faɗa min. Zo ki zauna."

Na durƙusa na faɗa masa komai, har da goge "mu ɗauka", har da abin da na ce a intabiyu. Bai daina ɗinki ba. Yana huda takarda, yana zura allura, yana jan zare. Na ce Abba yana roƙonsa ya dawo, teburin yana nan.

Ya ce, "Biyar kika rubuta ko?"

Na ce eh.

"Ranar da kasuwa ta mutu nakan yi goma sha biyu. Lokacin kammala karatu irin yanzu, talatin. Kuma duk wanda ya kawo ɗinki, a shagon yake buga littafinsa tukuna."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Kawu, to me ya sa ba ka faɗa wa Abba ba? Da kalma ɗaya ka rushe takardar."

Sai a lokacin ya ajiye allurar.

"Ya miƙo min takarda da sunanki a sama, yana ta alfahari. Saura kwana uku ki shiga intabiyu. In na ce 'yata ba ta iya lissafi ba, a ranar zai kira ki ya zazzage miki. Da wace zuciya za ki shiga gaban mutanen?"

Na fashe da kuka. Ya ce in daina kuka kada in jiƙa wa mutane littafi.

Na ce to zai dawo?

Ya girgiza kai. Ya ce ba fushi yake da ni ba, ni yarinya ce ina koyon sana'a, kuma kowa da irin ɓarnar da yake yi a farkon koyo. "Amma mutumin da shafi biyu suka ishe shi ya sallame ni bayan shekara ashirin da biyu, ba zan iya komawa in zauna a bayansa ba. Ki gaishe shi."

Ya turo min wani littafi da ya gama shafa wa gam, ya ce in danne bangon da tafin hannuna biyu har sai ya kama. Na danne. Mun kai rabin awa a haka, shi yana ɗinki, ni ina danne da bangon.